Gadar Matiyu Kafinta

Ranar da gadar ta kife, Matiyu kafinta yana rumfarsa a Kachalla Sembe yana gyara ƙafar wani bencin coci, bai san an riga an yanke masa hukunci a bakin rafi ba. Laraba ce, cikin watan Agustan 1995. An kwana uku ana tafka ruwa, sai da hantsin ranar ne rana ta ɗan leƙo.

Gadar da ake magana ba wata babbar gada ba ce. Ta katako ce, ta masu tafiya a ƙafa, taku sittin da 'yan kai, a kan wani reshe na Mayo Gwoi da ya raba unguwa da gonakin fadama. Da rani wurin yashi ne zalla, awaki har kwanciya suke yi a inuwarta. Da damina kuwa ruwa ne ja wur mai gudu, yana kai wa namiji wuya. Shekara biyu kafin nan mutanen unguwar suka gaji da zagaye, suka kira Matiyu, don an san idan ya buga ƙusa ba a sake bi ta kanta.

Kuma ya yi aiki, wannan ko maƙiyinsa zai faɗa. Dirakun duk na ƙirya ne, ya babbake gindinsu da wuta, ya shafe su da baƙin mai saboda gara. A kansu ya ɗora azarar giginya. Katakon da ake takawa na maɗaci ne, tsakanin kowane biyu ya bar faɗin yatsa guda don ruwa ya zube, kada ya kwanta ya ruɓar da shi. Daga ƙarƙashi kuma, inda ƙafa ba ta zuwa, ya gicciya itace goma sha shida tsakanin dirka da dirka, su ma ƙirya, kaurin damtse, tsayinsu ya kai ƙirjin mutum. Su ne matokarai. Idan ruwa ya turo dirka, su ke riƙe ta kada ta kwanta. Waɗannan bai yarda da ƙusa a kansu ba. Huda su ya yi, ya zura musu ƙarfe mai zare, ya ɗaure da noti.

Aibin Matiyu ɗaya ne, kuma babba. Mutum ne da idan ka tambaye shi amfanin abu, sai ya dube ka kamar ka tambaye shi amfanin hanci. Ranar da ake ɗaura matokaran, Bappa Sajo, dattijon unguwar, ya dogara da sandarsa ya leƙo, ya ce, "Kafinta, wannan na ƙasa kuma na mene? Ba wanda zai taka shi ai."

"Na ado ne, Bappa," in ji Matiyu, ko ɗagowa bai yi ba.

Aka yi dariya, ya ci gaba da murɗa notinsa. Tun da ya kwashe kayan aikinsa kuma bai sake leƙa ƙarƙashin gadar ba. A ganinsa, wanda bai yarda da hannunsa ba ne ke komawa duba aiki.

Matarsa Judith ce ta fara isowa rumfar, ba ɗankwali, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Baban Hope, tashi! Gada ya faɗi. Mata biyar ne a kai, an ciro huɗu. Cecilia matan Tobias kam ruwa ya tafi da shi, yanzu aka samu gawan a cikin rake. Suna zuwa nan. Ka bi ta baya, na roƙe ka!"

Matiyu ya ajiye zarto. "Gadana ba ya faɗi."

"To ya faɗi! Da idona na gani!"

Da ya bi ta baya da ya tsira, don masarar da ke bayan rumfar ta fi mutum tsayi. Amma bai motsa ba. Kada a ce jarumta ce, taurin kai ne kawai: so yake ya ga abin da ya kayar masa da aiki. Yana nan tsaye dutsen farko ya faɗo a kan kwanon rumfar, na biyu ya same shi a kafaɗa. Kan ka ce kwabo sun cika wurin, maza sun fi talatin, wanduna jiƙe da ruwan rafi har cinya. Ɗanjuma makanike ne a gaba. Ya shaƙo wuyan rigar Matiyu ya wanka masa mari, wani ya kwashe ƙafarsa, wani ya ɗauki bencin cocin nan ya rotsa masa a baya. Judith ta rungumo ƙugun mijinta, aka fizge ta aka jefar cikin garin katako.

"Ɓarawo! Ruɓaɓɓen itace ka sa mana!"

"A kai shi rafi! Ya ga aikinsa da idonsa!"

Jan sa suka yi, ba tafiya ba. Inda ya faɗi a haure shi ya tashi, inda ya tashi a sake kayar da shi. Mata suna leƙe ta ƙofar gida suna kama baki. Wasu da ba su ma san laifin ba suka shiga layi suka ba da nasu dukan, don irin wannan taro ba ya rasa 'yan sa kai. Kafin su kai bakin ruwa haƙoransa biyu sun zube, idonsa na hagu ya rufe.

A kan yashi aka jefar da shi. Can gefe ga Cecilia an lulluɓe ta da zanen wata, ƙafafunta a waje. Kadijatu mai nono, ɗaya daga cikin waɗanda aka ciro, tana durƙushe tana aman ruwa, ƙoren nononta tuni ruwa ya yi gaba da su. Matiyu ya ga wannan duka. Cecilia mutuniyar kirki ce, ita ce ta riƙa kawo masa kunu lokacin aikin. Sannan ya ɗaga idonsa mai gani ya dubi gadar.

Ba ta karye ba. Abin da ya fara lura da shi ke nan. Babu dirka ɗaya da ta tsage, babu katako ɗaya da ya ɓalle daga ƙusarsa. Gaba ɗayanta ta kwanta a gefe guda, wajen da ruwa ke gudu, kamar tsanin da aka jingine ya zame. Cikinta yana kallon sama yanzu, kowa yana iya ganin ƙarƙashinta. Kuma ƙarƙashin nan fayau yake. Matokari ko ɗaya babu, sai ramukan da ya huda a jikin dirakun.

"Ina itacen ƙasa?" ya ce. Bakinsa cike da jini, maganar ba ta fita ba. Ya tofar, ya sake cewa, "Ina itacen da na gicciya?"

Wa ke sauraronsa? Wani ma ya ɗauka roƙo yake, ya ƙara masa da ƙafa a haƙarƙari.

Sai taron ya dare, Tobias ya shigo. Manomin shinkafa ne, ƙato, marar hayaniya, irin mutumin da ko akuyarsa ba ya iya bugu. Shi ya shiga cikin raken ya ɗauko matarsa da hannunsa, ya shimfiɗe ta, sannan ya juya ya nufi gida. Mutane sun zaci kuka ya tafi yi. Ashe taɓarya ya je ɗaukowa.

"Wane hannu ne?" in ji Tobias. Muryarsa ƙasa-ƙasa, abin da ya fi ihu ban tsoro. "Wane hannu ne ya buga wannan abu?"

Ɗanjuma ya murɗo hannun daman Matiyu ya shimfiɗa a kan wani faffaɗan dutse da mata ke wanki a kai, ya taka gwiwar hannun da ƙafa. Bappa Sajo ya kutso yana ɗaga sanda. "Useni, na roƙe ku, yarana, ku bari! Tobias, don Allah! Akwai hukuma!" Aka ture tsohon, ya faɗi zaune cikin laka.

Bugun farko ya sauka a kan yatsu. Ƙarar da ta fito kowa ya ji ta, kamar an taka busasshen kara. Matiyu ya kurma ihun da bai san yana da shi ba. Na biyu ya sauka a bayan hannun. Judith, wadda ta biyo su da gudu, ta faɗa a kan mijinta, mutum biyu suka ɗaga ta sama tana shure-shure tana zaginsu da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Tobias ya ɗaga na uku, hawaye ya rufe masa ido, ya kuskure. Taɓaryar ta nutse a yashi daf da fuskar Matiyu.

A nan Matiyu ya gan ta da kyau. Ƙirya ce, an sassaƙe ta, hannu ya goge tsakiyarta har tana sheƙi. Amma kusa da kanta, kamar tsawon yatsa huɗu, akwai rami da ya ratsa ta daga gefe zuwa gefe, an cusa masa tsumma. A bakin ramin ga zoben tsatsa, inda noti ya taɓa zama.

Matiyu ya miƙa hannun hagu ya cafke ta. Tobias ya fizga, bai saki ba. Ya tura ɗan yatsa ya zungure tsumman, ya saƙala yatsan a cikin ramin, ya riƙe bakin rai bakin fama.

"Tobias," ya ce. "Ina ka samu wannan?"

"Sake! Taɓaryan matana ne!"

"Wa ya sassaƙa masa?"

"Ni na sassaƙa. Sake, na ce!"

"Da wane itace?"

Tobias ya daina fizga. Ya dubi ramin da yatsan Matiyu ke ciki. Ya juya a hankali ya dubi gadar, ya dubi ramukan da ke jere a jikin dirakun, irinsu ɗaya sak.

"Na ƙarƙashin gada ne," ya ce. "Na Cecilia ya tsage lokacin Ista, ba shi da na daka. Da rani ne, ba ruwa. Ɗaya kawai na cire." Ya ɗago ya dubi Matiyu. "Ai na ado ne. Kai da bakinka ka ce na ado ne, ina wurin. Kuma ba ni na fara ba, kowa ya..."

Bai ƙarasa ba, ba kuma sai ya ƙarasa ba. Ɗanjuma ya janye ƙafarsa daga kan gwiwar hannun Matiyu kamar ya taka garwashi. Sifanarsa ce ta yi ta yawo gida-gida cikin ranin nan ana kwance notin da ita, shi ya fi kowa sani. Ƙirya busasshiya, miƙaƙƙiya, daidai tsayin taɓarya, tana zaune a banza ba wanda ke taka ta, wace mace ce za ta ga ta maƙwabciya ba ta aiki mijinta ba? Goma sha shida ne, ga ɗaya nan, sauran kuma duk suna cikin unguwar, a jingine a bayan ƙofofi. Mazan da suka fi kowa zafin hannu ɗazu su ne yanzu suka sunkuyar da kai suna kallon yatsun ƙafarsu. Na baya-baya suka fara sulalewa.

Tobias ya saki taɓaryar. Ya taka zuwa inda Cecilia take, ya tsaya, bai iya durƙusawa ba. Sai ya wuce ta, ya shiga ruwa har gwiwa, ya kama dirkar farko da hannu biyu ya gwara goshinsa a jikinta. Ya sake. Ya sake. Sai da jini ya rufe masa fuska kafin mutum huɗu suka iya ɓamɓare shi, yana kiran sunan matarsa.

Matiyu bai ji daɗin komai ba. Gaskiyarsa ta fito, amma da a ce za a mayar da ita a ba shi Cecilia da rai, da ya yarda ya mutu da sunan ɓarawo. Judith ta yage gefen zanenta tana naɗe masa hannun, tana kuka tana kauda ido. Shi ya duba. Yatsu uku sun juya inda yatsu ba sa juyawa, bayan hannun ya lotsa. Shekara ashirin da shida yana riƙe guduma, ya san abin da ya karye ya gyaru, ya san wanda ba ya gyaruwa.

Bappa Sajo ya rarrafo ya zauna kusa da shi, gemunsa duk laka. Ya ce, "Kafinta, ni ne na tambaye ka ranan nan. Ni ma na ɗauka gaskiya ka faɗa mini. To na mene ne?"

Matiyu ya haɗiye jinin bakinsa. Da hannun hagu ya kafa ɗan kara a yashi, ya tura shi da yatsa, ya kwanta. Ya sake kafa shi, ya gicciya masa wani, ya tura, bai kwanta ba. Ya ce ruwa ke nan, dirka ke nan, wannan kuma shi ke riƙe ta. Waɗanda suka rage suka matso suna kallo, har da Kadijatu mai nono.

Bayanin duka bai kai minti ɗaya ba.