Gayyar Osman

Ranar da Osman ya gaya mana shi ne golan ƙasarsu, sai da Muttaka ya ƙware da shayi. Mu huɗu ne a ɗakin, a masaukin ma'aikata da ke Sanaiya, unguwar masana'antu a ƙasar Larabawa: ni Baballe, da Muttaka, da Mudasiru, duk 'yan Arewa masu gadin wani kamfanin ajiye kaya, sai Osman da aka haɗa mu da shi. Daga wani ɗan tsibiri yake can tsakiyar teku, ƙasar da mutanenta gaba ɗaya ba za su cika Gusau ba. A can, in ji shi, mai buga lamba tara direban kwalekwale ne, kyaftin kuma malamin firamare. In wasa ya taso a kira su, in an tashi kowa ya koma bakin sana'arsa.

"Nawa-nawa kuke tashi?" in ji Muttaka.

"Wani lokaci biyar. Wani lokaci bakwai."

"Ku ke ci?"

"Mu ake ci."

Dariya muka yi masa son ranmu, shi ma ya taya mu.

Da korona ta zo aka rufe Sanaiya, ba shiga ba fita, sai muka gane mutumin ba da wasa yake ba. Mu muna kwance muna ƙirga rufin ɗaki, shi yana baranda ya shimfiɗa katifu biyu, yana roƙon mu jefa masa ƙwallo. Ni ba mai son hayaniya ba ne, amma zaman ya ishe ni, na riƙa jefawa. Ya faɗi, ya tashi, ya ce in ƙara ƙarfi. Wallahi tausayi ya riƙa ba ni: mutum ya haura talatin, furfura ta fara leƙowa, yana ta dukan ƙasa da haƙarƙari saboda wasan da ba wanda ya san ranar dawowarsa.

Wasan bai dawo masa ba sai shekarar Kofin Duniya, ana saura 'yan watanni a fara shi a ƙasar da muke aiki. Kocinsu ya kira shi ya ce akwai wasa, ya zo atisaye. Ya kuma faɗa masa gaskiya: in bai zo wannan karon ba, akwai matashin da za a miƙa wa safar hannun, shi ke nan.

A lokacin kuwa kamfaninmu ya toshe hutu, kaya na shigowa dare da rana. Osman ya je wurin mudir, shugaban masu gadi, ya dawo ya zauna a bakin gado.

"Me ya ce?" na tambaye shi.

"Ya ce khalas, magana ta ƙare, babu hutu. Sai dai in na samu masu tsaya mini a ƙofa har in dawo. Wa zai ba ni ranar hutunsa a wannan zafin?"

Haushi ya kama ni, ba na mudir ba, na tambayar. Na ce, "Kai, a ɗakin Hausawa kake kwana kana wannan magana? Gayya za a yi."

Bai san gayya ba, sai na yi masa bayani. A ƙauyenmu in noma ya fi ƙarfin mutum, sanarwa yake yi, maƙwabta su taru da fartanyoyinsu su nome masa gonar. Ba a biya. Abin da ke kansa kawai ya ciyar da mutane.

Bayan sallar Juma'a na bi ɗakunan 'yan uwanmu ina shela. Kowa ya ɗauki ranar da zai tsaya. Muttaka ne kaɗai ya turje.

"In ba da hutuna don a je a zura masa bakwai? Haba Baballe!"

"To, na ji. Amma ka sani zan faɗa a gida an kira gayya ka ƙi fita."

Ya harare ni, ya ja tsaki, sannan ya ce a ba shi Talata.

Osman ya cika nasa sharaɗin. Ya dafa mana shinkafa da madarar kwakwa da kifi, babu yaji ko na magani. Mudasiru ya ce yanzu ya gane dalilin da ake cin su. Duk da haka ko ƙanzo ba mu bari ba.

Ranar wasan ta faɗo a kaina. Ina tsaye a ƙofar da Osman ke gadi da la'asar, rana kamar ta narka kwalta, na jingina waya a tagar ɗakin gadi. Hoton yana yankewa, filin ma wani gefensa ba kujeru, sai bishiyoyin kwakwa. Na zuba ido har aka jero 'yan wasa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi na biyu a layi, da koriyar riga, hannu a ƙirji, yana rera taken ƙasarsu yana hawaye. Ni ma idona ya cika.

Can wajen ƙarshe aka ba da fanareti a kansu. Osman ya tashi sama ya kaɗe ta. Ihun da na yi sai da wani direban tirela ɗan Sudan, da ke jiran in ɗaga masa ƙarfen da ke tare ƙofa, ya leƙo.

"Yalla, buɗe mana! Lafiya?"

Na miƙa masa wayar. "Dubi golan nan. Ɗan ɗakinmu ne."

Ya ƙura ido, ya duba saman hoton. "Ai uku ake cin su. Murnar me kake yi?"

Na karɓi wayata, na ɗaga masa ƙarfen. Na ce, "Malam, nan ya kamata a ce yana tsaye yanzu. Ga shi can."