Minti Ukun Inna

Aikina a gidan rediyo yankan gaisuwa ne. Ba wasa nake ba. Wakilinmu zai aiko da muryar wani bawan Allah daga Maraɗi ko Gusau, mutum ya fara da sallama, ya gaida shugabanni, ya gaida masu sauraro na birni da na ƙauye, sai can ya taɓo abin da aka tambaye shi. Ni kuma in zauna gaban kwamfuta in datse duk wannan, in bar maganar. Na daɗe ina yi, har hannuna ya san wurin yanka kafin kunnena ya ji. Shi ya sa duk wanda ya ji labarin taron nan sai ya ce, haba Haula, ke da kika san agogo, ba ki gaya wa tsohuwarki ba? Na gaya mata. Wallahi na gaya mata.

Baba ya rasu lokacin da itatuwan Hyattsville suka fara fure. Ni na ɗauko su daga Nijar shi da Inna, don a duba ƙirjinsa a nan Amurka. Aka duba, aka ce sankarar huhu ce kuma ta yi nisa. Muka binne shi a maƙabartar Musulmi, Inna ta yi takabarta a ɗakina na hawa na biyu, tana kallon filin fakin ta taga. Ni ban yi kuka ba. Ba jarumta ba ce, kukan ne bai zo ba. In shiga jirgin ƙasa da safe, in yanke gaisuwar mutane, in dawo, in ɗora tukunya. Abinci ba daɗi ba ɗaci. In aka yi mini ta'aziyya sai in ji kamar da wata ake, ina tsaye gefe ina jiran ta amsa.

Maƙeri ne Baba, a garin haƙar yuraniyom can arewa da Agadas. Tsofaffin ƙarafan ma'adinan suna fitowa kasuwa: bututu, faranti, ganguna. Shi da sauran maƙera su saya, su yi ƙofofi da gadaje da murhu da kaskon tuya. Ƙarfe ne mai kyau, mai nauyi, kowa na so. Ina 'yar lakwal, wato firamare, wasu mutane suka zo da wata 'yar na'ura mai gano gubar ma'adini suna bin kasuwa. Da suka iso bakin maƙerar Baba ta kama ƙara kamar gyare. Suka dubi juna, suka yi rubutu, suka hau motarsu. Ba wanda ya dawo ya yi mana bayani. Likitocin nan ma ba su taɓa cewa ƙarfen ne ba. Ba su kuma ce ba shi ba ne.

Wata ranar Asabar ina waya da Kabir, editanmu, yana neman wanda zai je wani taro. Ana rushe wata tsohuwar cibiyar binciken nukiliya a jihar nan, kamfanin da ke aikin ya ce ya auna wasu ƙarafan ya ga ba su da illa, yana so ya sayar wa masu narkarwa. Hukuma ta ce sai ta ji ta bakin jama'a tukun. Na ce wa Kabir ya tura wani, ni ba ni da ƙarfin zuwa. Ina ajiye waya na lura famfon kicin ya daina zuba. Inna na tsaye da kwano a hannu.

"Auta, waɗanne tsofaffin ƙarafa?"

Na yi mata bayani sama-sama.

"Wanda za ya saya, an gaya mishi daga inda sunka fito?"

"Shi ya sa ake taron, Inna. Kowa na iya zuwa ya faɗi ra'ayinsa, a rubuta."

"Kowa?"

"Kowa."

"Har ni?"

Tun ranar jana'iza matar nan ba ta nemi ko goro ba. Na ce har ke.

Muka shirya maganar a kicin, tana faɗi ina mayarwa Turanci. Ba doguwa ba ce. Mijinta maƙeri ne. Ya sayi ƙarfe bai san asalinsa ba. Ƙarfe ba ya zama wuri ɗaya, daga hannu sai hannu, har ya kai ga wanda ba ya karatu kuma ba shi da na'ura. Su ba a tara su an tambaye su ba. To tunda a nan ana tambaya, ta zo ta ce a tuna da hannun ƙarshe. Shi ke nan abin da take so ya shiga kunnen hukuma, ko wace hukuma ce, sau ɗaya kafin ta koma gida.

Sai batun suna. Inna ba ta taɓa faɗin sunan Baba ba. Tun da na yi wayo "shi" ne, ko "Malam", ko "mai gidan". Akwai wani yaro a layinmu mai irin sunan, har ya yi gemu "mai sunan Malam" take ce masa. A asibiti in nas ta tambayi sunan majiyyaci, sai Inna ta juyo ta dube ni. Saboda haka muka yanke: ita ta ce "shi", ni in sa sunan a Turancin.

"Kuma Inna, minti uku ne. Rabi naki, rabi na fassara. Ba gaisuwa. Kina tsayawa ki shiga magana."

"Na ji."

"Da gaske nake."

"Na ce na ji, ko? Ke da rediyonki."

Taron da rana aka yi, a wani zaure kusa da Greenbelt, mai kujerun roba da kafet mai warin kofi. Inna ta sa farin lulluɓinta. A gaba dogon teburi ne, jami'ai na zaune bayan kwalaben ruwa. A gefe wata mata na buga duk abin da aka faɗa a 'yar na'urarta, ba ta ɗaga kai. Kan mumbarin masu magana akwai fitila: kore ka fara, ruwan ɗorawa ka tattara, ja ka sauka, makirufon ma ya mutu da kansa.

Shugabar zaman, wata farar mata mai furfura da ta ce a kira ta Olive, ta buɗe da bayani. Yau sun zo saurare ne kawai. Ba za su mayar da martani ga kowa ba, don kada a ce sun fifita wani. Na raɗa wa Inna: "Ba za su amsa komai ba, ji kawai za su yi." Ta ce to.

Mutane suka yi ta hawa. Wani ya zo da allunan lissafi, yana magana kamar ana binsa. Wata da jariri a ƙirji ta tambayi ko ƙarfen zai iya komawa cokali. Wani daga ƙungiyar ma'aikata ya ce a bar su su yi aikinsu. Kowa ya hau sai ya faɗi sunansa ya afka. Na zauna ina kallon fitilar tana canza launi, ba na jin tsoro, ba na jin komai. Sai aka kira Uwa Dabo, wato Inna.

Muka hau tare. Na sauke mata makirufo daidai bakinta. Fitila ta yi kore.

"Salamu alaikum," in ji Inna. "Ina wuninku?"

Ta tsaya.

Na fassara da sauri, na taɓa gwiwar hannunta. "Inna, ci gaba."

"Ina gajiya?"

Ta sake tsayawa. Jami'an suna kallon ta da fuskar kirki, alƙaluma a hannu, baki rufe. Ɗaya ya yi murmushi.

"Inna, lokaci."

"Ba su amsa ba."

"Na gaya miki ba za su amsa ba."

"Tambaya ce ba su amsawa. Wannan gaisuwa ce." Ta juya gare su. "Ina gida? Ina iyali? Ina sanyi?"

Na daina fassarawa. Ta dube ni irin kallon da take mini ina ƙarama in na miƙa abu da hagu. A hankali ta ce, ba cikin makirufo ba: "Mutanen da zan ba labarin mamacina, in fara ba mu gaisa ba? Gaya musu."

Na gaya musu. Na ce mahaifiyata na tambayar lafiyarku da ta iyalanku, kuma tana jiran amsa. Olive ta dubi na kusa da ita, ta dubi takardar gabanta, kamar tana neman inda doka ta hana. Sannan ta matso ta ce suna lafiya, sun gode, suna fata ita ma tana lafiya.

"Ta ce lafiya lau."

"Madalla," in ji Inna, ta sauke numfashi. "Lafiya lau, sai godiya. Sannunku da aiki."

Fitila ta yi ruwan ɗorawa.

"Mai gidana maƙeri ne," ta ce.

Na fassara.

"Muna zaune can arewa, inda ake haƙo..."

Ja. Na ji ɗan ƙas ɗin da makirufo ke yi in an kashe shi. Na san sautin nan, kullum ni ke yi wa mutane shi.

Olive ta ce tana ba da haƙuri ƙwarai, akwai mutane da yawa a layi kuma lokacin kowa ɗaya ne. Ta ce za mu iya aiko da sauran a rubuce. Ba ta yi rashin mutunci ba, kada in yi mata ƙarya. Wani mutum mai jar hula har ya miƙe daga kujerarsa yana gyara takardunsa.

"Mi ta ce?"

"Lokaci ya ƙare, Inna. Mu sauka."

"Ban fara ba."

"Na sani."

Ta dubi fitilar. Ina jin sai lokacin ta gane cewa da ita fitilar take. Na kama hannunta, ta ƙi motsi. Ta dafa mumbarin da hannu biyu, ta sunkuya kan mataccen makirufon, ta ce:

"Hashimu."

Muryarta ta fito a shaƙe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Hashimu Dabo."

Ba wanda ya ji sai ni da na layin gaba. Mai buga na'ura ta riga ta ajiye hannuwanta a cinya. Na ji kunya ta rufe ni kamar na shiga ɗakinsu ita da Baba ba sallama.

Olive ta tambaye ni me Inna ta ce. Na ce sunan mijinta ne, ya rasu. Sai ta yi wa mai bugawa alama, ta roƙe ni in faɗi haruffan. Na tsaya gaban zaure ina jero sunan ubana harafi-harafi, matar na bugawa. Ta maimaita, ta karkata shi, na gyara mata. Mai jar hula ya jira har muka wuce.

Abin da ya shiga kundin hukuma ke nan: wata mata ta gaishe su, ta ce mijinta maƙeri ne, sai suna. Ba ƙarfe, ba kasuwa, ba na'ura mai kukan gyare, ba hannun ƙarshe. Wanda duk ya karanta zai ɗauka tsohuwa ce ta ɓata hanya.

A mota ba mu yi magana ba. Babban titin zobe da ya kewaye birni ya cushe kamar kullum da la'asar, jajayen fitilun birki har inda ido ya kai. Na kunna rediyo don kada shirun ya yi yawa. Ina ta jiran haushi ya zo, haushinta ko nawa ko na fitilar, bai zo ba. Ina riƙe da sitiyari, in matsa kaɗan, in taka birki. Na fara tsara yadda zan rubuta sauran in aika, na san kuma ba wannan ta zo yi ba. Da takarda ce, da ba ta sa farin lulluɓinta ba.

Mun kusa kwanar Hyattsville ta ce, "Auta."

"Na'am."

"Daidai na faɗa?"

"Kin yi ƙoƙari, Inna. Lokacin ne kaɗan. Ko Turawan ma kin ga yadda suke gudu. Zan rubuta musu sauran, in karanta miki kafin in tura."

"Ba wannan ba."

Na juyo. Tana kallon gaba, hannuwanta cikin lulluɓi.

"Sunan. Daidai na faɗe shi? Ban taɓa jin shi a bakina ba."

Motar baya ta yi hon. Gabana ya buɗe ban gani ba.

"Daidai, Inna," na ce. "Haka yake."

Ta gyaɗa kai. Na matsa da motar. Can na saci kallon ta, na ga leɓɓanta na motsi, ga carbinta kuwa ajiye a gaban gilashi inda ta bar shi tun da rana. Na miƙa hannu na kashe rediyon. Ba ta fitar da sauti ba, amma na bar shi a kashe har muka isa gida.