Zoben Don Eusebio

Gyaɗa mai sukari nake sayarwa a dandalin unguwarmu ta Floresta, dab da lilon dawakan Don Eusebio. Na daɗe a wurin, har yaran da na sani suna ihu a kan dokin katako yanzu su ne ke kawo nasu 'ya'yan. Mutanen unguwa suna cewa Nélida ta cika sa ido. Sharri ne kawai. Mutumin da ke tsaye wuri ɗaya yana juya gyaɗa a tukunya tun hantsi har yamma, ina ake so ya kai idonsa?

Da watan Afrilu ya kama, ganye ya fara zuba, dandalin ba ya da masaka tsinke ranar Asabar da Lahadi. Zafin Buenos Aires ya lafa, sanyin gaske bai iso ba, kowa sai ya kwaso yaransa. Iyaye na zaune a benci suna miƙa wa juna shayin mate, mai wasan 'yar tsana ya kafa akwatinsa, yara kuma suna faɗawa cikin tarin ganyen da mai shara ya sha wahalar tarawa, shi kuwa yana bin su da tsintsiya yana faɗa. Duk da haka a lilon ake layi.

Zoben ne ke jawo su. Don Eusebio yakan tsaya a gefen lilon riƙe da ɗan katakonsa mai kama da gora, da zoben ƙarfe a soke a bakinsa. Dawakai na zagayawa, yara na miƙa hannu, shi kuma yana kaɗa katakon, ya kusanto da shi ya janye. Wanda ya fizge zoben ya samu zagaye ɗaya kyauta. Duk babba ya san ba yaro ne ke kamawa ba, tsohon ne ke zaɓen wanda zai sakar wa. Amma ko wuƙa aka ɗora masa a wuya ba zai amsa ba.

Fermín ɗinkin takalma yake yi a wani shago can bayan tashar jirgin ƙasa. Da suka rabu da matarsa Viviana, Asabar kaɗai aka bar masa 'yarsa Amparo. Ɗakin da yake haya ko kujera biyu ba ya ɗauka, shi ya sa dandalin nan ya zama gidansu. A farkon rabuwar yarinyar ba ta wuce shekara biyar ba. Wata yamma da lokacin mayar da ita ya yi, sai ta ƙanƙame ƙafarsa a gaban tukunyata tana kuka kamar ranta zai fita. Ya tsuguna yana goge mata hanci.

"Haba uwata, ya isa. Duk Asabar zan zo in ɗauko ki mu zo nan, har sai kin kama zoben can. Kin ji? Na yi alkawari."

Don ta yi shiru ya faɗa, na tabbata kafin dare ya manta yadda ya jera maganar. Ita ba ta manta ba.

Kaka ta wuce, wata ta zagayo, Amparo ba ta taɓa kama zoben ba. Yaran da ko zama a kan doki ba su iya ba sun kama, ita shiru. Uban ya mai da abin na tsokana.

"Wannan hannun naki man shanu aka shafa masa ne? Ko Doña Nélida aka ɗora a dokin nan da tuni ta kama!"

"Ka ɗora ni ka gani," in ji ni. "Dokin ne zai fara kai ƙara."

Amparo ta yi ta ƙyalƙyala dariya, ta ce sati mai zuwa sai ta kama.

Wata rana ina kallonta sosai sai na ga abin da take yi. Za ta miƙa hannu tun daga nesa, tana ihu fiye da kowa, amma da zoben ya iso gabanta sai ta dunƙule yatsu. Da aka tashi na tare Don Eusebio yana rufe injin.

"Kai tsohon nan ba ka da tausayi? Ko ita ce ba ta so?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Tun bara nake kai mata shi har tafin hannu. Ke da ba abin da ke wuce kunnenki, ba ki ji abin da ubanta ya ce mata ba?"

Sai na gane. A lissafin yarinyar, ranar da ta kama zoben alkawari ya cika, Asabar kuma ta ƙare. Daga ranar muka bar ta da sirrinta. Don Eusebio ya riƙa janye katakon da ƙarfi idan ta iso, don ta samu na cewa laifinsa ne.

A wata Asabar ta ƙarshen Mayu, iska na kwasar ganye tana watsa mini a tukunya, Fermín ya iso da sabon aski da rigar da ban taɓa gani a jikinsa ba. Idonsa ya yi ja. Ya tura Amparo wajen mai 'yar tsana, ya zo ya tsaya tsakanina da Don Eusebio yana murza hula.

"Tafiya za su yi," ya ce. "Sabon mijin Viviana ya samu aiki a Valencia, can Sifen. Ranar Alhamis jirginsu zai tashi."

"Kai kuma ka yarda?" na tambaye shi.

"Me zan ba ta a nan, Doña Nélida? Can akwai makaranta mai kyau, akwai ɗakinta ita kaɗai. An ce mata hutu za su je." Ya juya ga tsohon. "Don Eusebio, alfarma nake nema. Yau ka sakar mata zoben. Kada ta tafi tana ganin ubanta bai cika alkawari ba."

"Ni ba na sakar wa kowa. Kamawa suke yi."

"Haba, Don Eusebio, mu duka manya ne a nan."

Na kasa haƙuri. Na ajiye ludayi na faɗa masa komai, yadda take dunƙule hannu da dalilin da ya sa. Na ɗauka zai ce to a bari. Ya kalli bayan 'yarsa can cikin yara. Da ya buɗe baki sai ya ce, "To ai shi ke nan. Idan ta kama za ta gane. Ni bakina ba zai iya furta mata ba, na gwada tun a hanya."

Raina ya ɓaci ƙwarai. "Wannan ragwanci ne, Fermín! Kai ka kasa, sai ka ɗora wa tsoho?"

"Na sani," ya ce. Bai ko yi musu ba, kuma wannan ya fi ci mini rai, don na rasa inda zan sauke fushin.

Don Eusebio ya soke zoben a katakonsa ya je ya kunna kiɗa.

Amparo ta hau farin dokin da take hawa kullum, mai gutsurarren kunne. Zagayen farko ta miƙa hannu tana ihu, tsohon ya janye. Na biyu ma haka. Na fara sa rai ya ƙi. Da kiɗan ya kusa ƙarewa sai na ga ya matso har gwiwarsa na gogar katakon lilon. Ta iso da hannu a dunƙule. Ya kama hannun da nasa na hagu, ya bi dokin da ɗan gudunsa na tsufa, ya cusa zoben tsakanin yatsunta.

"Maguɗi! Maguɗi!" in ji wani yaro daga kan raƙumin dawan katako. Iyayen da ke benci, waɗanda suka daɗe suna tausayin yarinyar da ba ta taɓa ci ba, suka ɗau tafi. Wata ma har da fito.

Lilon ya tsaya. Amparo ta sauko a hankali, ta nufi tsohon tana miƙa zoben nesa da jikinta kamar garwashi.

"Don Eusebio, karɓi abinka. Ban kama ba, kai ka sa mini."

"Kin kama, 'yata."

"Ban kama ba! Kowa ya gani!" Ta juya wajen ubanta. Yana tsaye a bakin shinge yana tafi shi ma, hawaye na bin kumatunsa har cikin wuyan sabuwar rigar. "Baba, wannan ba ya cikin lissafi, ko? Sati mai zuwa sai mu sake."

Ya daina tafin. Ya zo ya durƙusa a gabanta cikin ganye, ya buɗe baki, ba abin da ya fito. Ta daɗe tana kallonsa. Ni dai da kuka ta yi irin na da, da ya fi mini sauƙi.

"Ba hutu za mu je ba, ko?"

Ya girgiza kai.

"Kai ma ba za ka zo ba."

Ya sake girgiza kai.

Masu tafi kowa ya koma kallon kofin shayinsa. Yaran da ke layi suka fara gunaguni a tayar da lilo. Don Eusebio ya gyara murya, ya ce da ita a hankali ta hau, zagayenta na kyauta ne yanzu. Ta kalli farin dokin, ta kalli zoben a tafinta.

"Dole yau zan yi shi?"

"A'a. Duk ranar da kika zo, naki ne."

"To a ajiye mini."

Ta sa masa zoben a hannu. Don Eusebio ya haura shekara tamanin, ya kuma san nisan Valencia, domin daga can aka kawo uwarsa tana yarinya, ba ta sake komawa ba har ta mutu. Ya rufe yatsunsa a kan zoben.

"An ajiye," ya ce.