Da Ƙafarsa Ya Hau

Mutum huɗu ne suke fama da dokin, biyu a gaba suna jan igiya, biyu a baya suna zuba masa bulala, amma Akawal ya kafe ƙafafu a bakin katakan da aka shimfiɗa daga tudu zuwa cikin babbar motar. Baƙi ne wuluk, akawal kuwa shi ne baƙin doki, shi ya sa ba a taɓa wahalar nema masa wani suna ba. Kumfa ta cika masa baki, kunnuwansa sun kwanta baya. 'Yan tasha sun bar lodinsu sun zagaye wurin, kowa da shawarar da yake bayarwa, har da masu rake waɗanda ko jaki ba su taɓa hawa ba.

Gwadabe, mai kula da dokin, yana laɓe a bayan rumfar mai shayi tun hantsi. Bai iya zama a gida ba, bai kuma iya matsowa ba. Yana cikin leƙe ta tsakanin kawunan mutane sai idon Alhaji Datti, ubangidansa kuma mai dokin, ya faɗa kansa.

"Gwadabe! Ashe kana nan, ka bar mu muna shan rana?"

"Yanzu na iso, Alhaji."

Ƙarya ce, kuma mai shayi ya ji ta.

Shekara takwas ke nan da Alhaji ya sayo Akawal, duk jikinsa tabon duka, yana cizo yana harbi, ba mai iya sa masa ragama. Gwadabe bai taɓa ɗaga masa hannu ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya shiga barga kullum da safe, ya zauna a kan turmi ya juya wa dokin baya, yana tufka igiyarsa. Mutanen gida suka ce Alhaji ya ɗauki mahaukaci aiki. A kwana na talatin da ɗaya ya ji ɗumin numfashi a ƙeyarsa, bai waiwaya ba. Daga ranar, in ya sauke kafaɗa ya taka, dokin na biye da shi ba igiya ba linzami. In ya tsaya, ya tsaya. Labarin ya kai har Garam da Madalla, masu dawakai suka riƙa aiko masa, ana cewa babu dokin da ba ya bin Gwadabe. Shi kuwa, gaskiya, maganar tana yi masa daɗi fiye da yadda yake nunawa.

To, sai zamani ya juya. Gwamnati ta zaɓi dajin maƙwabta don sabon babban birni, har sunan garin ta ɗauke ta kai can, aka bar su da Suleja. Ma'aikata suka yi ta kwararowa daga Kano da Kaduna suna neman ɗakin haya. Alhaji ya sayi mota Fijo, ya dubi bargarsa ya ga ɗakunan haya huɗu, sai ya sa dokin a kasuwa.

Mai sayen dokin, Fidelis, ɗan kasuwa ne da ya daɗe yana safarar dabbobi zuwa Kudu. Ya matso yana share gumi da hankici.

"Malam Gwadabe, don Allah taimaka. In suka ci gaba haka, ƙafa zai karye. Ni ba na son wahalar dabba."

"Ina za a kai shi?"

Gwadabe ya san amsar tun shekaranjiya. Ya tambaya ne don a yi masa ƙarya, a ce wani attajiri ne zai riƙa hawa.

"Ba zan ɓoye maka ba," in ji Fidelis. "Babban mutum ya mutu a wajenmu. Ranar bikin binne shi za a yanka."

Gwadabe ya ji haushin wannan gaskiyar kamar an mare shi. Ya dubi Alhaji, Alhaji ya duƙufa duba agogonsa.

Gwadabe ya ce a kwance igiyoyin, masu bulala su ja baya. A ransa yana cewa tausayi ne, gara dokin ya hau lafiya da a ja shi a ƙasa. Amma ya ji yadda tasha ta yi tsit, ya ji wani yana raɗa wa baƙo cewa yanzu za ka ga abin mamaki, kuma ƙirjinsa ya ɗan buɗe. Wannan ma ya sani.

Ya tsaya gefen dokin, bai kalle shi ido cikin ido ba. Akawal ya yi huci, ya miƙo hanci ya shinshina rigarsa, kunnuwan suka miƙe. Gwadabe ya juya baya, ya taka zuwa katakan. Taku ɗaya, biyu, uku. Bai ji kofato a bayansa ba.

Ya dawo, ya sake. Dokin ya ɗaga kai, ya ja da baya taku biyu, yana kallonsa da gefen ido.

"A'a, yau kuma maganin ya karye?" wani direba ya ce, aka fashe da dariya.

"Ko ya manta layar a gida!"

Babu wani magani, babu laya. Gwadabe ya san abin da ya faru. Doki ba ya jin magana, jiki yake dubawa, kuma jikinsa yau ya tona shi: wuya ya sandare, numfashi ya tsaya a maƙogwaro, tafin hannu duk gumi. Akawal ya duba ya ga mutumin nan yana tsoron inda za shi, don haka ya ƙi. Cikin duk jama'ar da ke tashar, dabbar nan ce kaɗai ta yarda da shi har ta ɗauki gargaɗinsa.

A nan ya kamata ya tsaya. Yana iya cewa, Alhaji, ya ƙi ni, ya kama hanyar gida da 'yar kunyarsa. Ba abin da zai hana a loda dokin, amma dai ba da hannunsa ba. Sai dariyar ta sake tashi, Alhaji ya ce a hankali, "Gwadabe, kada ka ba ni kunya a gaban mutane."

Ya rufe ido. Ya kawo safiyar Juma'a a ransa, ranar da yakan kai dokin rafi wanka: hanyar da ke bi ta cikin gonakin dawa, sanyin yashi, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ciyawa. Ya riƙe hoton da ƙarfi har ya kusa yarda can za su. Numfashinsa ya sauka ciki. Kafaɗunsa suka saki. Ya saki gwiwa ɗaya, ya yi hamma irin ta mutumin da ba abin da ya dame shi.

A bayansa ya ji Akawal ya sauke dogon numfashi, yana tauna baki.

Ya taka. Kofato ya biyo. Katakan suka yi ƙara, dokin ya ɗan dakata, Gwadabe bai canza tafiya ba, sai dokin ya ci gaba da binsa. Suka shiga cikin motar tare, hancin dokin yana taɓa bayan rigarsa. A ƙuryar motar ya dafa masa ƙirji da tafin hannu, alamar da ya koya masa cewa tsaya nan, ina dawowa. Akawal ya tsaya. Gwadabe ya taka katakon gefe ya dira ƙasa, aka rufe ƙofar baya.

Tasha ta kaure da tafi. Direban da ya yi masa ba'a ya kama hannunsa da hannu biyu. Fidelis ya ce tun da yake wannan sana'a bai taɓa ganin irinsa ba, duk wata yana lodi, in Malam zai riƙa zuwa, zai ji daɗi. Gwadabe bai tsaya ganin tashin motar ba. Ya ratsa ta bayan kasuwa, kansa a ƙasa, yana jin kamar kowa na kallon ƙeyarsa.

Matarsa Sailuba tana tankaɗe a tsakar gida. Ita ce ta saba ajiye wa dokin dusa da kanwa duk ranar da ta yi surfe. Ta dubi fuskarsa, ta ajiye rariyar.

"Malam, sun tafi da shi?"

"Sun tafi."

"Sun dake shi sosai?"

"Da farko. Da na zo ba wanda ya ƙara taɓa shi. Ni na shige gaba, da ƙafarsa ya hau."

Ta ɗauki rariyar, ta kakkaɓe ta a gefen ƙwarya.

"Da ka bari sun dake shi," ta ce.