Likitar Ɓeraye

Tun da ta fara aiki a ɗakin gwaje-gwaje mahaifinta ya laƙaba mata Likitar Ɓeraye, sunan kuwa ya bi ta har gidan mijinta. Aikinta shi ne ta karɓi sassaƙe da saiwoyin da masu maganin gargajiya ke bayarwa don ciwon jiki, ta shanya, ta niƙa, ta tsame ƙarfinsu a kwalba, sannan ta gwada a kan ɓeraye. Yawancinsu ba sa tsinana komai. Amma wani jan sassaƙe mai ɗaci ya ba ta mamaki. Ɓeran da ƙafarsa ta kumbura yana ɗingishi, in aka ɗura masa da safe, kafin yamma kumburin ya sace, ya koma tsalle-tsallensa a keji.

Murna ta sa ta ba da labarin a gida, abin da ta daɗe tana da-na-saninsa.

Baba tela ne, amosanin gaɓɓai ya kama masa yatsu da gwiwoyi. Shekara da shekaru yana haɗiyar ƙwayoyin kashe zafi kamar gyaɗa don ya iya taka keke, har ƙodarsa ta fara gazawa. Likitan asibiti ya hana shi su, ya bar masa wata mai sauƙi da Baba ya ce ba ta da maraba da alewa.

Wata ranar hutu ta tarar da shi a bakin gado, yana tallabe da kofin shayi da hannu biyu, yatsun sun kumbura sun kanannaɗe. Yayanta, wanda direba ne, yana zaune a gefe.

"Uwata," in ji Baba, "ashe ɓera ya fi ni gata?"

"Baba, ba mu gama ba. Mun ga yana sauke kumburi, amma ba mu san abin da yake yi wa ƙoda ba tukuna."

Yaya ya ce, "Tun kaka da kakanni ake shan abin nan. Mutumin nan ko maɓallin rigarsa ba ya iya sawa, ke kina jiran ɓera ya ba ki izini."

Ta ɗora ruwa, ta gasa wa Baba hannuwa, yana cije leɓe don kada ta ji nishinsa.

A wurin aiki ta roƙi shugabanta a gaggauta gwajin ƙodar. Ya ce ai girma ba a ja masa wuya, sai ɓerayen sun daɗe suna sha kafin a duba. Kullum in ta buɗe firiji ta ga kwalbar, sai ta tsaya da ita a hannu, daga baya ta mayar.

Da lokaci ya yi, ita da kanta ta leƙa madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa. Ƙodar ɓerayen da suka daɗe suna sha duk ta lalace. Shugaban ya ce wannan babban bincike ne, za a gargaɗi jama'a. Ita dai jakarta ta ɗauka, ta nufi gidan Baba.

Tun daga bakin titi ta jiyo ƙarar keke. Baba na zaune yana kan ɗinkin wata ƙaramar riga, fuskarsa a sake. A ƙarƙashin teburin ga gora cike da jan jiƙo. Yaya ne ya samo sassaƙen a kasuwa.

Ta durƙusa ta faɗa masa duk abin da ta gani, ba ta rage komai ba. Ya saurara har ta gama.

"Na ji, Uwata, kuma na san ba ƙarya kike ba. To, me za ki ba ni a madadinsa?"

"Babu, Baba."

"Kin gani. Jiya na yi barci kamar mutum. Rigar nan ta 'yarki ce, ki bari in ƙarasa hannun."

Ta dubi gorar. Da ta miƙa hannu za ta iya ɗauka ta tuttular, ba shi da ƙarfin hana ta. Ta roƙe shi, ta yi kuka, ta yi faɗa da Yaya a waje har maƙwabta suka leƙo. Baba ya ce zai rage.

Ko ya rage ko bai rage ba, Allah masani. Ba a jima ba ƙafafunsa suka kumbura, fitsari ya ɗauke, aka kwantar da shi ana masa wankin ƙoda. Likita ya ce dama ƙodar tana kan hanya, ba zai iya rantsuwa cewa jiƙon ne ya ƙarasa ta ba. Wannan bai sanyaya ran kowa ba. Ita da Yaya suka riƙa karɓa-karɓar jinya, gaisuwa kawai ke haɗa su.

Ciwon gaɓɓan ya dawo fiye da da. Wata safiya Baba ya ce ta gyara masa matashi. Ta gyara, ya ce ba haka ba. Ta sake gyarawa, ta kuma sakewa, har ya rufe ido ya ce ta bar shi haka nan.