Ranar da Hodi Ya Tayar da Inji a Tudu

Son a sani mugun hali ne, shi ya kwashe ƙafar Hodi, mai jirgin ruwa a wajen garin Gulma.

Hodi na da injin da yake ɗaura wa jirginsa a baya, yana son kukansa fiye da hirar matarsa Kulu. Wata safiya kukan ya sauya, ya koma kamar na tsoho mai majina. Ga albasarsa ta shekara jibge a bakin gulbi, tana jiran kasuwar Argungu. Ya saɓi injin sai wurin Dikko makanike.

Dikko ya tsoma gindin injin a cikin durom na ruwa, ya tayar. Ya kafa sukundireba a jikinsa, ya ɗora kunne a ƙotar, ya lumshe ido kamar mai jin kiran salla daga wani gari.

"Mi kaj ji, Malam Dikko?"

"Ƙishirwar injin nij ji. Duba, ba shi fitsari." Ya nuna 'yar kafar da ruwan sanyaya inji ke tsartuwa. "Famfon ya mutu, rairayin gulbi ya cinye robar."

Ya kwance gindin, ya zaro robar, haƙoranta duk sun gutsure. Ya shafa wa sabuwa sabulu, ya murɗa ta zauna, ya ɗaure. Ruwa ya tsarto siriri, kukan ya koma luwai.

"Abu guda, Hodi. Kada ka tashe shi bisa tudu. Robag ga ta ɗara kifi saurin mutuwa in babu ruwa."

"Haba Malam, ni yaro na?"

Da ya iso gida ya tarar da majalisa a gindin tsamiya. Abokinsa Atiku ya ce, "Maraba da mai gawa! An ce injin ya rasu, yaushe za mu zo gaisuwa?"

Aka fashe da dariya. Hodi ya maƙala injin a kan gungume, ya ja igiya. Ƙara ta cika unguwa, kaji suka watse, mata suka leƙo ta saman darni. Ya murɗa, ya ƙara murɗawa, har Atiku ya toshe kunne. Wani ƙauri ya ɗan taso, Hodi ya ce yara ne ke ƙona shara.

Washegari ya yi lodi ya kama gulbi. Ruwa kwance kamar an shimfiɗa madara, furen bado na buɗewa, balbelu na tafe a gefensa kamar 'yan rakiya. Hodi ya jingina, yana ganin kansa ya isa Argungu, masu kwale-kwale na buɗa masa hanya, kifaye na leƙowa su ji wa ke wucewa, har Birnin Kebbi ana tambayar mai injin nan. Ko sau ɗaya bai waiwaya ya ga ko injin na fitsari ba.

Sai injin ya yi tari. Ƙarfe ya ci ƙarfe, hayaƙi ya tashi, shiru. Ya laluba gorar tuƙi, ya tuna ya bar ta a gida, wai mai inji ba ya yawo da gora. Ruwa ya juya jirgin a hankali, ya kai shi kan tudun rairayi, ya karkatar da shi. Gulbi ya shiga cikin buhunan.

Ashe sabuwar robar ta ƙone tun a gindin tsamiya. Injin ya daskare, Dikko ya duba ya ce sai dai masu sayen ƙarfe. Albasa buhu goma sha biyu ta sha ruwa ta ruɓe, kasuwa ta ci ta tashi babu Hodi. Gorar kaɗai ta rage masa, tana nan jingine inda ya bar ta.