Jakin da Ya Sauko da Rijiyoyin Kawu

Jiya bayan Azahar na ɗan kishingiɗa, na yi wani mafarki. Amma bari in fara da laifina. Kawu Tanimu, yayan mahaifiyata, rijiya arba'in da ɗaya ya haƙa da hannunsa, kowacce da labarinta, ga shi tsufa ya fara sace masa su. Na yi alkawarin rubuta su. Wata biyar ke nan ina zaɓen manhajar da zan yi aikin da ita, ko layi ɗaya ban rubuta ba.

To, sai ga ni a kasuwar dabbobi, an ɗaure manhajoji a turaku suna tuƙa. Guntayen bayanan da na tara sun zama fara, suna ta tsalle cikin hulata. Kawu na biye da ni da sandarsa.

Dillaliyar wata zabuwa ce mai tabarau.

"Malam Sadisu, ga na manya," in ji ta. Ta nuna wani raƙumi mai tozo tara, kowane tozo an kulle shi da kwaɗo.

"Yana tafiya?"

"Sai an sabunta shi."

Muka zauna jira. Da aka gama raƙumin ya tambaye ni kalmar sirri, na faɗa, ya ce ba ita ba ce, ya koma barcinsa. Nan take wata rijiya ta fito ta kunnen Kawu, ta yi sama da guganta.

"Ta bakin asibiti ce," in ji Kawu, ko a jikinsa. "Ci gaba da zaɓe, ɗan nan."

Sai ga mu gaban ɗawisu. Shi ba ya ɗaukar kaya, ado yake yi wa haruffa. Na shagala da zaɓen launi, rijiya uku suka tashi. Mata suka taru a ƙasa suna jefa guga sama, ruwa bai kai gare su ba. A nan tsoro ya kama ni sosai.

Can gefe na hango wani farin jaki, ba ado, ba kwaɗo, da mangala mai baki biyu.

"Wannan fa?"

Zabuwa ta taɓe baki. "Ai kyauta ne. Ko intanet bai sani ba."

Jakin ya dube ni. "Ɗanye a hagu, gyararre a dama. Hau."

Na juye hulata a bakin hagu, fara suka kwanta layi-layi kamar 'yan makaranta. Kawu ya hau bayana ya soma ba da labari, jaki na tafiya, kofatonsa na barin kalmomi a kan yashi. Duk labarin da ya ƙare, sai rijiyarsa ta sauko ta zauna a raminta, tim. Mata suka yi ta guɗa. Kawu ya yi dariya har haƙoransa na samartaka suka dawo, ni kuma daɗi ya cika ni, ina ta cewa a ƙara.

Kofato na ƙwas, ƙwas, ƙwas. Na buɗe ido. Sandar Kawu ce a ƙofar ɗakina, wayata na kan ƙirjina, da ƙaramar manhajar rubutun da ta zo da ita tun ranar da na saye ta.

"Sadisu, ka tashi?" in ji shi. "Na tuno ta bakin asibiti. Yi maza kafin ta gudu."